Tsotso Ɗaya a Dapaong

’Yar ƙanena ta zo mini da mijinta a zaurena na Sokodé bayan sallar la'asar, suka zauna nesa da juna kamar baƙi. Shi mahauci ne, asalin gidansu a garin Dapaong, can arewa da mu. Ita ce ta yi magana. Ta ce asibiti ya tabbatar musu su biyun suna ɗauke da cutar da mutanen zango ke kira sida, wato ƙanjamau, suna shan magani kullum, kuma babu wanda ya sani sai ni.

"Baba, ya halatta mu nemi haihuwa?"

Na san neman zuriya yana cikin manufofin aure, na kuma san shari'a ta hana cutar da wanda bai ji ba bai gani ba. Na ce musu hukuncin yana rataye da gwargwadon haɗarin, sanin haɗarin kuwa yana wurin likitoci. Suka je suka tambaya, aka ce idan uwa ta riƙe magani, mafi yawan jarirai suna kuɓuta. Na ce su dogara ga Allah su riƙe sababi. Ta haifi namiji, gwajin farko ya nuna lafiyarsa ƙalau, ta ci gaba da shayar da shi bisa sharuɗɗan da aka gindaya mata.

Yaron bai fara rarrafe ba aka aiko cewa ƙanwar mijin ta rasu a Dapaong wajen haihuwa, ta bar ’ya mace. Ni da su muka ɗauki hanya ta garin Mango, muka isa da rana tsaka.

Na shiga gidajen makoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa jin shiru irin na wannan gida ba. Mata cike da tsakar gida, ba mai motsi. Zannuwan da marigayiyar ta wanke don goyo suna nan a kan igiya, sun bushe sun ƙandare, an rasa mai hannun kwashe su. Aka kira ni cikin gida in yi addu'a, a nan na ga jaririyar a hannun kakarta, wato surukar ’yar ƙanena. Jaririyar ba ta kuka. An ce tun da aka fita da uwarta ba ta yi ba, kuma duk madarar da aka ɗiga mata da cokali sai ta dawo da ita. Idanunta a buɗe suke, fiye da yadda na saba gani ga ɗan kwanaki. Da ’yar ƙanena ta shigo, sai jaririyar ta juya kai wajenta. ’Yar ƙanena ta koma gefen randa ta zauna, kan jaririyar ya bi ta. Na ga gaban rigarta ya jiƙe.

Tsohuwar ta miƙe ta ɗora mata jaririyar a cinya. "Ga ’yarki. Ba ta."

’Yar ƙanena ba ta ɗaga riga ba.

"Ke, ’yar nan, nonon naki na sayarwa ne? Ki faɗi kuɗinsa mu ji."

Wata ta yi ’yar dariya, ta haɗiye. ’Yar ƙanena ta ɗago ta dube ni. Na fahimci halin da take ciki. Haɗarin da ta ɗauka a kan ɗanta ta ɗauke shi da sani, da likita a bayanta. Ba ta da ikon ɗora shi a kan marainiya a ɓoye. Idan kuma ta faɗi dalili a gaban matan nan, kafin magariba ya kai kasuwa, daga nan ya kai Sokodé, ba kuwa mai sake sayen nama a hannun mijinta. Jaririyar ta riga ta fara laluben rigar da baki.

Na ce, "Hajiya, dakata. Ranar sunan jikanki, ɗan yarinyar nan, marigayiya ta dafa cikinta a gabana ta ce matarsa tana ciki. An yi haka?"

"An yi. Wasa take."

"Wataƙila. Amma a mazhabarmu tsotso ɗaya, in ya kai ciki, ya mai da su wa da ƙanwa har abada. Wanda zai rufe ƙofar da ta bari a buɗe, ya rufe da saninsa."

Ban faɗi abin da ba gaskiya ba, ko da yake ba don shi na yi maganar ba. Tsohuwar ta tsaya tana duban zannuwan da ke kan igiya. Sannan ta sunkuya ta ɗauke jikarta, ta aika a kira wata maƙwabciya ’yar ƙabilar Moba mai goyo. Jaririyar ta kama, ta sha, aka ji saukar numfashin mata a tsakar gidan. Sai dai ko da tana sha, idonta bai bar ’yar ƙanena ba.

Da muka tashi komawa bayan addu'ar uku, tsohuwar ta rako mu har bakin ƙofa, ta bari su biyun suka yi gaba.

"Malam, a gidan nan ba mu taɓa ɗaura wa jariri aure ba," in ji ta. "Na ga yadda ta dube ka. Ba zan tambaya ba. Ka ce mata ta riƙe abin da take riƙe da shi, ta yi mini rainon jikana."

Ta juya ta shiga, ta saki labulen.