Rayuwar Tsaya-Haka, Mai Hoton Amare

Haihuwarsa

An haife shi a shekarar 1949, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa tela, shi ne kuma na uku cikin 'ya'yansu bakwai.

Karatu da sana'a

Bayan ya kammala firamare a 1962, ya shafe shekara tara yana koyon aiki a shagon hoton kawunsa, kafin ya buɗe nasa a 1971. Ya shahara da fitar da ango da amarya cikin gari, zuwa matakalar ɗakin karatu, ko lambun bayan kotu, ko tsohuwar gada. Ɗabi'arsa ce ana saura kwana biyu biki ya je ya duba inda rana ke faɗowa, ya ɗauki hoton wurin babu kowa. Yawan faɗinsa "Tsaya haka!" shi ya zame masa laƙabi.

Aure da iyali

A 1974 ya auri 'yar maƙwabcinsu, wadda takan tsokane shi da cewa duk garin su kaɗai hoton aurensu ya karkace.

Al'amarin 1986

A wannan shekara, da ya wanke hoton ɗakin jira na tashar jirgi, sai ya ga wata mata zaune a benci, ta juya baya, takalmanta a hannu, alhali ya tabbata ɗakin wayam yake. Ya ɗauka lahanin fim ne, ya kai ango da amarya wurin. Bayan kwana tara aka tsinci amaryar zaune a bencin, takalmanta a hannu, ba ta kuwa sake furta kalma ba har ƙarshen rayuwarta.

Tun daga nan, duk wurin da matar nan ta benci ta bayyana a hotonsa sai ya ƙi shi ba tare da bayani ba, har mutane suka riƙa cewa ya cika taurin kai. Sau huɗu ta fito, kowane karo tana ɗan ƙara juyowa.

Auren babbar 'yarsa

A 2003 babbar 'yarsa ta zaɓi rufin wani sabon otal don hoton aurenta. Ya je ya ɗauko hoton wurin, ya wanke, ya kira ta.

"Ba za ki hau can ba," in ji shi, "ko da za a fasa bikin."

"Haba Baba, kowa a can yake ɗauka!"

Ya miƙa mata hoton. Ta duba, ta ce ita ba ta ga kowa ba. Mahaifiyarta ta karɓa, ta jima tana kallo, sannan ta kife shi a tebur.

"Ki ji maganar babanki," in ji ta.

A shago aka ɗauki hoton, gaban farin labule. 'Yar ta yi shekara biyu ba ta taka gidan iyayenta ba.

Ƙarshen rayuwarsa

A 2005 ya rufe shagon, ya ƙone dukkan fina-finansa a tsakar gida. Ya rasu ranar wata Talata a 2011, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da biyu, aka binne shi a maƙabartar bayan gari kusa da mahaifinsa.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babbar 'yarsa, malamar makaranta, wadda ta yi jinyarsa, ɗansa direba, ɗansa kafinta, sai autarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda aka yi bikinta wata biyar bayan rasuwarsa, mahaifiyarta ta hana a ɗauki hoto ko ɗaya.