Ya Modu da Baburin da Ba Ya Fita

Ku da kuka zauna da mu a unguwar Fezzan kun san ba a gaishe da Ya Modu da hannu. Gwiwar hannu yake miƙo maka, don tafinsa kullum baƙi ƙirin yake da giris. Ko ranar ɗaurin aurena haka ya yi wa surukina. Ya Modu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, kuma har yau haushinsa bai sake ni ba.

Fawa-bayik ne da shi, ja, irin wanda mai hawa ke kifewa a kan tanki. Bai yi wata biyu da saye ba aka hana hawa babur a garin nan. Kowa ya sayar da nasa, wasu suka koma keke. Shi kuwa ya tura abinsa garejin gidanmu na gado, ya fitar da motata waje ƙarƙashin dalbejiya, tsuntsaye na yi mata ado.

Na ce, "Ya Modu, abin da ba ya tafiya ne zai kwana a inuwa, mai kai mu asibiti ta kwana a titi?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Gana, motarka akwalar ɗaukar kifi ce. Wannan kuwa ɗan gida ne."

Shekara da shekaru yana kwancewa yana ɗaurawa. Yau ya sauya birki, gobe ya sake fenti, jibi ya ɗinka sabuwar kujera da fatar da ya sa aka jeme masa. Amma ya sayi ɗan buroshin wanke sarƙa? Ina! Sai da na yi sati ina jin ɗanɗanon kalanzir a bakina kafin na kama shi da buroshin haƙorina a hannu.

"Innalillahi! Nawa ne wannan!"

"To meye na ihu? Ai kullum ina ɗauraye maka kafin in mayar."

Ranar da ya sa sabuwar salansa kuwa, Allah kada ya maimaita. Wata Asabar da hantsi ya murɗa abin nan, ya saki wata ƙara, tau! A garin da kowa ya san abin da ƙara ke nufi! Matata ta fita da ludayi ba mayafi. Malam Bitrus, maƙwabcinmu mai koyarwa a firamare, ya tsallake katanga da takalmi ɗaya. Da ƙura ta lafa unguwa ta taru a ƙofar gareji, kowa na huci.

Malam Bitrus ya ce, "Modu, hawan jini gare ni! Kashe mu za ka yi?"

Ya Modu ya kasa kunne wajen injin, ya ɗaga yatsa. "Ku yi shiru mana. Fulogi ɗaya bai ɗauka ba."

Da ba a riƙe ni ba, da sifana zan rotsa masa.

Sai shekarar ambaliya. Gari na wayewa ruwa ya kai mana gwiwa, mata da yara an wuce da su unguwar Gomari wajen 'yan'uwa. Na ce mu tafi. Ya ce sai babur ya hau saman dekin. Mu huɗu muka cicciɓi ƙarfen nan a matakala, ni ina zagi, shi yana cewa a yi hankali da madubi. Da muka kai, ya cire rigarsa ya rufa masa, ya zauna.

"Taso mu tafi!"

"Ku je. Shi bai iya iyo ba."

"Kai ka iya?"

"Ni ai ina da baki, zan yi kira."

Kwana biyu ya yi a can cikin jiƙa kafin kwalekwale ya ɗauko shi. Daga nan tari ya kama shi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na turo limami, ya ce sai ya gama busar da kabureta. Wata guda yana tsugune a gareji yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Da ya yarda muka je, likita ya dube ni ya ce me muke jira tuntuni. Ni aka tambaya! Ni!

A gadon asibiti na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce ya zaɓi ƙarfe ya bar 'ya'yansa, ya bar ni. Ya saurara har na gaji, sannan ya ce a hankali, "Gana, kujerar nan da na ɗinka, ka lura ta mutum biyu ce? Cewa na yi ranar da gari ya zauna lafiya aka ce kowa ya hau, kai zan goya mu je Baga mu ci kifi a bakin ruwa, kamar yadda Baba ke kai mu."

Na fita baranda na yi ta kuka, ina ƙara jin haushinsa, don da ya faɗa mini tun farko da ban yi shekarun nan ina zaginsa ba. Kwana uku bayan nan ya cika.

Allah ya jiƙan Ya Modu, ya yafe masa, ya yafe mini abin da bakina ya faɗa masa. Allah ya raya abin da ya bari, ya zaunar mana da garin nan lafiya. Amin.