Kokon Waken Soya a Bayan Gulma

Akwai ranar da har yau ba ta bar zuciyata ba, kuma ku ƙannena da kuka shigo aikin nan yanzu ya kamata ku ji ta. Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni kuma ƙaramar ma'aikaciyar lafiya ce a Argungu. Aikina auna yara masu tamowa da koya wa iyayensu mata abincin da zai tashe su.

A shekarun nan aka fara kawo mana waken soya daga Birnin Kebbi don a riƙa haɗa wa yara a koko. Wake ne mai gina jiki ƙwarai, amma yana da sharaɗi. Ɗanyensa na ɗauke da wani abu mai hana hanji tsotsar amfaninsa, ya kumbura ciki, ya kawo zawo. Wuta ce kawai ke kashe abin. Sai an jiƙa, an murje ɓawon, an tafasa shi sosai ko an soya, sannan a shanya a niƙa. Saboda haka ƙa'idarmu ita ce uwa ta ga an yi a gabanta kafin a ba ta.

Da damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cika fadama, matan ƙauyukan bayan garin Gulma suka daina zuwa. Maza ne ke tsallakowa a kwalekwale. Sista, wato shugabarmu, ta ce, "Ko dai mu ba mazan, ko yaran su zauna da yunwa har kaka." Gaskiya ta faɗa, ba wanda ya musa.

Cikin masu karɓa akwai Malam Garba, mahaifin wani yaro Basiru da aka yaye, aka kai shi wurin kakarsa kamar yadda aka saba. Na zayyana masa komai, yana ta gyaɗa kai. Amma mutumin da bai taɓa hura wuta ba, me zai riƙe? Abin da ya isa gida shi ne, "An ce a sa mishi ga koko."

Da ruwa ya janye na shiga ƙauyen. Na tarar da kakar, Inna Kulu, da yaron a cinya. Ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja, ko kuka ba ya iyawa.

Ta ce, "Malama, ga angon nawa, ya ƙi ni. Kuma wallahi kullum sahe da marece ina ba shi maganinku."

Na ce, "Inna, yaya kike yin kokon?"

Ta nuna mini. Tana jiƙa waken tare da gero, ta markaɗa, ta tace, ta kwarara tafasasshen ruwa a kan gasarar ta dama. Haka kowace mace ke dama koko a ƙasar nan, kuma gero ba ya neman fiye da haka. Waken kuwa ɗanye yake shiga cikin yaron. Da ta ga zawo ya tsananta, sai ta ƙara yawan waken, don a ganinta magani ne bai isa ba.

Muka ɗauko yaron zuwa Argungu, amma jikin ya riga ya ƙare. Da la'asar ya cika.

Inna Kulu ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, gaya min gaskiya. Ni na kashe shi?"

Na ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Inna." Ta dube ni, sannan ta saki hannun. Na san ba ta yarda ba.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu saƙo ba ya wadatarwa. Mutanenmu ba sa wasa da abin da muka ba su, da zuciya ɗaya suke bi, kuma a nan haɗarin yake. Daga ranar, ko da ruwa zai kai mini wuya, ban sake miƙa wake ga kowa ba sai ga hannun da zai dafa shi, ni ma ina tsugune a bakin murhun.