Kalmar da Na Rubuta wa Baba Malamin Gona

Shekarar da aka ba ni shugabancin sashe a ofishinmu na aikin gona a Birnin Kebbi, kaina ya kumbura ƙwarai. Ina da ƙamus na Turanci a kan tebur, kuma ba na jin nauyin gyara wa kowa magana. Darakta ma na taɓa gyara shi a gaban taro, aka yi ta dariya.

Aikin farko da ya iso hannuna shi ne takardun auna ƙwazon ma'aikata. Kowace tana da gurbi inda shugaba zai faɗi matsayin mutum da kalma ɗaya, kuma da kalmar nan kwamiti yake yanke ƙarin girma. Na buɗe fayilolin baya, raina ya ɓaci. Mai leƙo ofis ran Litinin kaɗai an rubuta masa outstanding. Wani da ban taɓa ganinsa ido biyu bayan azahar ba, shi exceptional ne. Na duba ƙamus. Kalma ta farko tana nufin fitacce, wanda ya yi wa tsara zarra. Ta biyu wanda ba a cika samun irinsa ba. Good kuwa nagari ne, mai yin aikinsa yadda ya kamata. Na ce a raina, in kowa ya yi zarra, wa aka zarta? Na ƙudura zan mayar da kowace kalma gurbinta.

Takardar Baba ce a sama, don an ce a hanzarta ta. Baba malamin gona ne, ɗan Argungu, saura masa 'yan watanni ya yi ritaya, kuma wannan ne ƙarin girmansa na ƙarshe, wanda fanshonsa zai zauna a kai. Manoman shinkafar Zauro sun fi sanin ƙarar babur ɗinsa da sunan ofishinmu. Ko ruwa ya cika fadama sai ya naɗe wando ya shiga. Na rubuta masa good da zuciya ɗaya, ina ganin yabo na yi, tunda sauran ƙasa da haka zan ba su. Na sa hannu, masinja ya tafi da ita ran Litinin.

Ran Laraba da safe sakatariyarmu ta shigo da kwafin a hannu. Kirista ce daga wajen Jos, ta fi ni daɗewa a ofishin nesa ba kusa ba. Ta rufe ƙofa kafin ta yi magana.

"Oga, me Baba ya yi maka?"

"Kamar yaya? Ai yaba shi na yi."

"A nan ba a rubuta wa mutum wannan sai in ana son a kayar da shi. Duk sauran sassa outstanding suke aikawa. Kwamiti ba ya buɗe ƙamus, Oga. Gobe za su zauna."

Na hau Keke Napep zuwa hedikwata, ina ta shirya maganar da zan faɗa. Na yi awa biyu a benci kafin darakta ya ce in shigo. Na roƙe shi ya ba ni takardar in sake. Ya juya ta a hannu ba gaggawa.

"Kuskure ka yi? Kai da kaf fi mu Turanci?"

"Ranka ya daɗe, ban san yadda ake ɗaukar ta ba."

"To mi take nuhi, in ba abin da kar rubuta ba? Takardar da anka sa wa hannu ba a goge ta."

Na sake roƙo, ya kira na gaba. Da jerin waɗanda aka ƙara wa girma ya fito babu sunan Baba. A makon nan na cike sauran takardun, kowa na ba shi outstanding, har mai barcin azahar.

Sai bayan ritayarsa na iya zuwa Argungu. Na same shi a zaure yana ɗinke buhu. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi. Muka gaisa, aka kawo ruwa, shi ya fara.

"Ɗana, an ce mini wata kalma ce tah hana. Ni ban iya Turanci awa ku ba. Mi take nuhi?"

"Nagari, Baba. Mai yin aikinsa yadda ya kamata."

Ya ja zarensa.

"To ai ba ka yi mini ƙarya ba."

Ya sa aka ɗaura mini rabin buhun shinkafa, na ƙi, ya ce raina shi zan yi. Na kawo ta gida Gwadangaji, muka ci. Yau shekaru da yawa ina cike takardun nan, kuma ban sake rubuta wa kowa good ba. Baba kaɗai na taɓa faɗa wa gaskiya a gurbin nan, shi kaɗai kuma bai samu ba.