Yaya Uwaliya da Alkawarin Ɗiyana Biyu

Ranar Talata tara ga watan Rajab, da hantsi, ina gonar albasa gefen dam ɗin Goronyo, na ga kwatar ruwa gabana na ce bari in tsallake kamar yadda nake yi da ƙuruciya. Na manta shekaruna hamsin da shida. Ni da hula da waya duk munka faɗa ciki. Shi ya sa wayar Maccido, mijinki, ba ta same ni ba, sai da ya tado mutum bisa babur daga Wurno. Ya iske ni ina matse riga, ya ce Allah Ya karɓi ranki bayan asuba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Yaya, ke kinka goye ni. Ke kinka riƙa ja na makaranta ina tirjewa, har na kai aji huɗu na ga ilimi ya ishe ni na gudu. Wannan ɗan rubutun da nake yi yau, rabinsa naki ne. Kowace kaka kina shanya ganyen albasa ki daka gabu, ki ƙulla wa maƙwabta tun ba su tambaya ba. Da uwar ɗiyana ta kwanta jinya wata uku, ke kinka ɗauki Hassana da Ladidi, kinka maido min su da kitso da ƙiba, kinka ce gidana ko akuya ramewa take.

Shekara guda kina jin ƙullutu a mama ba ki faɗa wa kowa ba, don kunya. Haka Inna ta yi, haka Goggo Larai ƙanwarta ta yi. Munka ce ciwon daji ne, munka bi masu saiwa har sunka tafi.

Da munka kai ki asibiti Sakkwato, likita ta zaunar da ni ta yi bayani. Ta ce akwai wani sinadari a jikin kowace mace, istirojin, jiki na aiki da shi sannan ya sarrafa shi ya fitar. Amma ba duk jiki ke sarrafa shi iri ɗaya ba, kuma akwai abin da ake gado wanda kan ƙara wa wasu mata haɗarin sankarar mama. Na ce na gane, kamar fangali biyu ne na gonar albasa, ruwa ɗaya anka ba su, wani ya tsotse, a wani ruwan ya kwanta. Ta yi dariya ta ce na kusa.

Ta tambaye ni ko ina da ɗiya mata. Na ce biyu, amma ta kwantar da hankalinta, dangin uwarsu ba wanda ya taɓa wannan ciwo, ni ko namiji ne, kunnuwa kaɗai sunka ɗauko gare ni. Ta ce uba ma yana miƙa wa ɗiyarsa. Ba dole ciwon ya zo ba, amma a riƙa duba su da wuri.

Kina kwance kina jinmu, kinka juyo.

"Ƙasimu, mi tac ce?"

"Wai in kawo su Hassana."

"To, Sarkin Gobe, yaushe?"

"In an gama dashe, Yaya."

"Kai da wanga dashe naka! Ba ni hannunka, ka ce ka ɗauki alkawari."

Na ba ki hannu, na ce na ɗauka. Anka gama dashe na ce sai an sa taki. Gaskiyar da ban faɗa miki ba, tsoro nake ji a duba a ga wani abu, ya zan daga wurina ya fito.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya. Ya sa jinyar da kinka sha ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Inna a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Maccido, da ɗanki Lawwali, da dangi na Wurno da Rabah da Taloka. Allah Ya ba mu haƙuri.

Saura ni. Har yau ban kai su ba. Na nemi izinin mazajensu, duka biyu sun yarda, Hassana ta ce Litinin bayan addu'ar bakwai. Ta kuma ce in ban fito da sassafe ba, za ta shiga mota da ƙanwarta su tafi, ta bar ni da kunyarki.