Baƙin Dutsen da Aka Zaro Daga Gonarmu

Ban daɗe da yin aure ba Bature ya sauka a gonarmu. A lokacin ba mu saba ganinsu ba, labarinsu muke ji a bakin fatake masu dawowa daga Kano. Ƙauyenmu yana tsakanin Dutse da Kiyawa, gonar kuwa ta gado ce, ni da yayana muke noma ta tun bayan rasuwar mahaifinmu.

Da rani ne, an gama kwashe kara. Dagaci ya aiko aka kira mu, muka je muka durƙusa. Ya ce Bature yana so ya ga abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma gonarmu ya nuna. Yayana ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa yake nema?" Dagaci ya ce shi ma abin da ya tambaya ke nan, aka ce masa a'a, dutse. Ga duwatsu nan jibge a bayan gari awaki na hawa, amma mutum ya taso daga wata uwa duniya ya ce sai na ƙarƙashin gonarmu. 

Aka tara majiya ƙarfi, muka haƙa rami kamar na rijiya, har muka wuce yashi muka tarar da tauri. Sai aka kafa gumagumai a bakin ramin, aka rataya wani ƙarfe mai rami a cikinsa, ana ƙara masa tsawo guntu-guntu. Aikinmu mu kama sanda mu yi ta zagayawa, ƙarfen na cin dutse. In aka jawo shi aka bubbuga, sai dutse ya zubo mulmulalle kamar gutsuren taɓarya. Bature ya wanke, ya jera a akwatunan katako, wani lokaci har ya lasa.

Da fari jajaye ne masu marmashewa. Wata rana da hantsi sai ga baƙi ƙirin ya fito, mai nauyi, jikinsa duk 'yan ramuka. Bature ya rungume shi kamar an yi masa haihuwa. Tafintansa, wani dattijo mai furfura a gemu, ya juyo ya ce da mu, "Ya ce wannan dutsen a da wuta ne. Narkewa ya yi ya malalo kamar kunu, ya daskare, ƙasa ta binne shi."

Wani a cikinmu ya ce, "Baba, tambaye shi, wutar tana nan har yanzu?"

Bature ya yi dariya ya nuna ƙasa da yatsa. Tafinta ya ce, "Ya ce tana nan, amma da nisa."

Babu wanda ya taya shi dariyar. Mu wuta ɗaya muka sani da ke narka dutse, ita ce wadda liman ke yi mana wa'azi a kanta. Ga shi kuma da hannunmu muke huda hanya zuwa gare ta. Washegari wasu suka gudu wurin dangi, dogari ya bi su ya dawo da su. Matata ta riƙe mini riga a zaure tana kuka, tana cewa, "Maigida, don Allah kada ka koma." Na ce in ban koma ba, Yaya za a kama.

Ba a jima ba ƙarfen ya karye can a gindin ramin. Aka ce sai wani ya sauka ya ɗaura masa sarƙa. Dogari ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya nuna ni, wai ni ne marar jiki. Yayana ya ɗaura mini igiya a ƙugu da kansa, ya kasa haɗa ido da ni.

Ina sauka haske na tsukewa, zafi na ƙaruwa. Yanzu na san kowace rijiya haka take, amma a ranar na sakankance hucin wutar nake ji. Da ƙafata ta taɓa ƙasa, na ji wani gurnani na fitowa daga bakin ƙarfen. Duk addu'ar da na sani ta ɓace mini, sai kalmar shahada kawai nake maimaitawa. Na lalubo na ɗaura sarƙar, na yi ihu a ja ni.

Maimakon su ja ni, sai suka fara jan sarƙar. Gungume ɗaya ya goce, gefen ramin ya rufto. Yashi ya danne ni har ƙirji, ƙura ta toshe hasken. Na buɗe baki in yi ihu, ƙasa ta cika shi. Na ɗauka ramin ne ya haɗiye ni, daga nan sai wutar.

Muryar yayana na fara ji a kaina. Ashe da igiyar sarƙar ya sulalo cikin ramin, babu wanda ya sa shi. Yana tono da ƙwarya yana cewa, "Yi numfashi, ƙanena, ga ni nan." Yashi na ci gaba da zubo mana. Da aka zaro ni, na ga har Baturen yana cikin masu jan igiya, fuskarsa ta yi jawur, tafin hannunsa ya saɓule.

Ƙarfen nan ba a ciro shi ba. Aka ɗora akwatunan a kan jakuna suka yi yamma, dagaci ya sa aka cike ramin. Ƙafata ta hagu ta gurɗe, mai ɗori ya gyara ta, ta warke kafin shuka. Abin da bai warke da wuri ba shi ne shiga wuri mai ƙunci. Duk daminar nan na kasa leƙa rumbu, da na sa kai sai numfashina ya ɗauke. Matata ce ke hawa ta ɗebo mana gero, ni ina ƙasa ina riƙe mata tsani, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.