Ummi ta hana Malam sa hannu a tuwo

Jiya a Kiyawa na ji kunyar da ban taɓa ji ba a gidan surukai.

An aiki 'yata Ummi ta kai wa kakanta, Malam, ruwan wanke hannu, ga baƙi zaune. Ya tsoma yatsu a kwanon, ya nufi tuwo. Sai yarinyar nan ta janye akushin!

"Malam, ba haka ake yi ba. Sai da sabulu, har tsakanin yatsu."

Ina leƙe daga bakin zaure. A lokacin korona ta yi wayo, kuma ni na koya mata wannan da bakina.

Malam ya dube ta, ya dubi baƙi, ya fashe da dariya.

"Shekara arba'in ina koyar da tsarki, yau amaryata ta mayar da ni ajin farko. Kawo sabulun."

Har baƙin sai da ta bi su da buta ɗaya bayan ɗaya.

Ni kuwa da na koya mata, bokitin nan mai famfo da muka saya lokacin, yanzu gero nake jiƙawa a ciki.

Ku faɗi gaskiya, ina naku yake?